Yadda Ake Shirya Ziyarar Gidan Kifaye na Dubai Mall

Da wuya a samu ɗan kasuwar Kano ko na Maraɗi da ya je Dubai sarin kaya bai leƙa Dubai Mall ba, kuma duk wanda ya shiga wannan katafariyar kasuwa sai ya ci karo da tankin kifayen da ke tsakiyarta. Da yawa sukan biya kuɗin shiga a gurguje, su ratsa cikin 'yan mintuna, su fito suna cewa abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A ganina laifin ba na wurin ba ne. Gidan kifaye wuri ne da ake kallo a tsanake, wanda kuma ya mayar da shi abin cike gurbi tsakanin shagon turare da na takalma, to kuɗinsa ne kawai zai tafi. Wanda ya ware masa lokaci, ya san abin da zai biya wa kuɗi da abin da zai gani kyauta, shi ne yake more shi, musamman idan da iyali ya tafi.

An buɗe wannan gidan kifaye tare da kasuwar a watan Nuwamban 2008. Babban tankinsa yana ɗaukar ruwa lita miliyan 10, tsawonsa mita 51, faɗinsa mita 20, zurfinsa kuwa mita 11, kuma masu wurin sun ce akwai halittun ruwa sama da 33,000 daga nau'o'i fiye da 140. Wurin kashi biyu ne. Akwai tankin da hanyar gilashi da ta ratsa ta ƙarƙashinsa a hawan ƙasa, sannan akwai gidan dabbobin ruwa a hawa na 2, saman tankin. Riƙe wannan a kai yana da amfani, domin akwai masu fitowa daga hanyar gilashin su kama gabansu, ba su san tikitin da ke hannunsu ya haɗa da sashen sama ba.

Matakin farko shi ne a yanke shawara ko za a biya kuɗi ma tukuna. Fuskar tankin da ke kallon cikin kasuwa a buɗe take ga kowa, kuma ita ce mafi ƙayatarwa a ido: faifan gilashin roba ne mai faɗin kusan mita 33 da tsayi sama da mita 8, kaurinsa santimita 75, wanda ya shiga kundin tarihi na Guinness a matsayin mafi girma a duniya kafin wani gidan kifaye a ƙasar Sin ya karɓe kambun a 2014. Mutum zai iya tsayawa bayan shingen da aka gitta ya kalli kifaye iya son ransa ba tare da ya biya ko dirhami ɗaya ba, haka kuma ana hangen tankin daga baranda ta hawan sama. Idan mutum shi kaɗai ne, lokacinsa kaɗan, aljihunsa kuma ya yi sauƙi bayan sayayya, wannan kallon ya ishe shi, kuma babu abin kunya a cikinsa. Abin da tikiti yake ƙarawa shi ne matsowa daf da gilashin, shiga hanyar ƙarƙashin ruwa, da zagaya sashen sama. Ga mai yara kuwa ina ganin biyan ya fi, domin yaro ba ya iya hangen komai a bayan cincirindon manya, kuma dabbobin da suka fi burge yara duk a sama suke.

Bayan an yanke shawara sai zaɓen rana da lokaci, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke yin kuskure. Tun daga Janairun 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta mayar da hutun ƙarshen mako zuwa Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini ake aiki, saboda haka daga yammacin Juma'a har daren Lahadi kasuwar cike take maƙil. Ranakun da suka fi dacewa su ne Litinin zuwa Alhamis, lokaci mafi kyau kuma shi ne daidai buɗewa, wato ƙarfe 10 na safe. A wannan sa'ar mutum yana iya tsayawa a tsakiyar hanyar gilashin ba wanda yake tura shi daga baya. Da zarar an yi la'asar sai jama'a su fara kwararowa, bayan magariba kuwa layin tikiti kaɗai yana iya cinye haƙurin yara. Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin bikin sayayya na Dubai da hutun makarantu, cunkoson ya fi na kowane lokaci, haka ma kwanakin Sallah. A watannin zafi, daga Yuni zuwa Satumba, yanayin waje yakan haura digiri 40, amma wannan ba ya shafar ziyarar tunda komai a cikin na'urar sanyaya ɗaki yake, sai dai zafin yakan koro mutane cikin kasuwar da rana. Ga wanda ya iso daga Najeriya ko Nijar, ya tuna agogon Dubai yana gaba da namu da awa 3, don haka ƙarfe 10 na safe a can daidai yake da ƙarfe 7 a jikin yaron da bai riga ya saba ba. Zai fi kyau kada a sa ziyarar a washegarin sauka.

Sai batun tikiti. Farashi yakan canza, shi ya sa ya kamata a duba shafin intanet na gidan kifayen kansa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, maimakon a dogara da abin da wani ya biya bara. Tikitin hawa-hawa ne. Na ƙasa ya ƙunshi hanyar gilashi da sashen sama, na gaba yakan ƙara da shiga ƙaramin jirgin ruwa mai gilashi a ƙasansa da ake yawo da shi a saman tankin, ko zagayen bayan fage inda ake nuna yadda ake tace ruwa da haɗa abincin kifaye, sannan akwai masu tsada irin su ciyar da kifaye da shiga ruwan. Ana kuma sayar da tikitin haɗaka da na hawa dogon benen Burj Khalifa, wanda yakan fi sauƙi a kan sayen kowanne daban, amma shi hawan benen lokaci ake ƙayyadewa, saboda haka a bar tazarar awa uku tsakaninsu don kada a yi ta duba agogo a gaban kifaye. Wajen lissafin kuɗi, dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya tana daidai da kusan dirhami 3.67, wanda hakan yana sauƙaƙa auna farashi. Katin banki na naira ba kullum yake aiki a shafukan waje ba, kuma ko ya yi aiki akwai iyakar abin da banki yake bari a kashe, don haka a gwada katin tun daga masauki, idan ya ƙi sai a tafi da tsabar dirhami a saya a wurin. A duba ƙa'idar shekarun da ƙananan yara suke shiga kyauta, a kuma riƙe hoton fasfon yaron a waya ko da za a nemi shaida. Masu tallan tikiti mai rahusa a bakin titi ko a saƙon WhatsApp kuwa a bar musu kayansu.

Hanyar zuwa ita ce mataki na gaba. Yawancin mutanenmu a unguwar Deira suke sauka, kusa da kasuwannin sari, kuma daga can jirgin ƙasa na cikin gari shi ne mafi araha. Ana buƙatar katin Nol, wanda ake saya a kowace tasha a zuba masa kuɗi, kowa da nasa, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma ba sa biya. Wanda yake kusa da tashar Baniyas Square zai hau koren layi zuwa Union, wadda ita ce tashar da ke maƙwabtaka da ita, sannan ya sauya zuwa jan layi mai nufar ɓangaren Jebel Ali, ya wuce BurJuman da World Trade Centre da Financial Centre, ya sauka a tashar Burj Khalifa/Dubai Mall. A lura da taragon da aka shiga, domin akwai na mata da yara wanda namiji ba ya shiga, akwai kuma na alfarma mai kuɗi daban, kuma ana cin tarar wanda ya saɓa, haka ma wanda aka kama yana ci ko sha a cikin jirgin. Maigida zai iya sa uwargida da yara a taragon mata shi ya tsaya a na kusa, muddin sun yi magana tun farko a kan tashar da za su sauka.

Abin da ba a cika gaya wa baƙo ba shi ne saukowa daga jirgin ba isowa ba ne. Tsakanin tashar da kasuwar akwai rufaffiyar gada mai tsawon mita 820, mai sanyi da shimfiɗar lantarki da ke tafiya da mutum, amma duk da haka tafiya ce ta minti goma zuwa sha biyar, sannan a cikin kasuwar mai shaguna sama da 1,200 akwai wata tafiyar kafin a kai ga tankin. Idan akwai dattijuwa a ayarin, ko mai juna biyu, ko mai ciwon gwiwa, tasi ta fi, a ce wa direba ya sauke su a babbar ƙofar kasuwar, sannan a nemi keken guragu a teburin kula da baƙi idan da buƙata. Ana bin allunan da ke rataye a sama, waɗanda aka rubuta da Larabci da Turanci. Takalmi mai laushi ya zama dole, kuma a ɗauko wa yara rigar sanyi mara nauyi, domin sanyin cikin ginin yana kama jiki bayan awa ɗaya. Kasuwar tana neman masu shiga su rufe kafaɗa da gwiwa, abin da shigarmu ta yau da kullum ta riga ta cika.

Kafin a miƙa tikiti a ƙofa akwai ƙananan abubuwa uku da suke gyara ziyarar. A kai yara banɗaki, domin ba a komawa baya cikin sauƙi idan an shiga. A ba su abinci ko da kaɗan ne, tunda ba a ci a ciki. Sannan a tambayi ma'aikacin teburin tikiti jadawalin ranar, wato lokutan da masu nutso suke shiga tankin su ciyar da kifaye da lokutan da masu kula da dabbobi suke yi wa baƙi bayani, a tsara zagayen yadda zai dace da ko da ɗaya daga ciki. Yana da kyau kuma a rubuta lambar wayar uba da sunan masauki a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu, a nuna masa kayan ma'aikatan wurin, a ce masa idan bai ga Baba ko Mama ba ya tsaya inda yake ya kira mai irin wannan riga.

Hanyar gilashin ita ce zuciyar ziyarar. Tsawonta mita 48 ne kacal, wanda mai sauri zai ratsa cikin minti ɗaya, ruwa kuwa ya lulluɓe ta ta sama da gefe biyu. Shawarata ita ce a yi taku kaɗan a tsaya, a jingina gefe don a ba masu wucewa hanya, a ɗaga kai a jira, domin kifayen zagaye suke yi, wanda ya wuce zai dawo. Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne nau'in babban kifin teku da ake kira shak, mai launin rairayi, wanda bakinsa a ɗan buɗe yake kullum, siraran haƙora sun barbazu waje kamar ƙayar aduwa, yana tafiya a hankali har mutum ya ga ƙaramin idonsa da tsagogin numfashi biyar a gefen wuyansa suna motsi. Duk da wannan kama tasa ba mafaɗaci ba ne, kuma yana da wata dabara ta daban: yakan hau saman ruwa ya haɗiyi iska ya riƙe ta a ciki, shi ya sa yake iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba ya nitsewa. Sai kunamar ruwa, mai faɗin jiki da doguwar wutsiya, 'yar'uwar wadda masunta suka sani a kogin Binuwai, sai dai ta teku ta fi girma nesa ba kusa ba. Idan ta bi ta saman gilashin sai a ga farin cikinta, da baki da hancinta da suka yi kama da fuska mai murmushi, alhali idanunta na can a bayanta. A nan ne yara suke fara tambaya, "Baba, ba za su cinye ƙananan ba?" Amsar ita ce ana ƙosar da manyan da abinci a kan lokaci, kifin da ya ƙoshi kuwa ba ya wahalar da kansa da farauta. Lanƙwasar gilashin tana rage girman abin da ake gani, saboda haka kifin da ke wucewa a saman kai ya fi yadda ido yake nunawa girma.

Wasu yara sukan tsorata da duhun wurin da ganin ruwa a samansu, kuma ba a gyara wannan da tsawa. A ɗauki yaron, a fara nuna masa ƙananan kifaye masu launi da ke ƙasa-ƙasa, har ya saki jiki. Babba ma yana iya jin jiri saboda lanƙwasar gilashin, maganinsa kuwa ya mayar da ido kan daɓen ƙasa na ɗan lokaci. Wanda yake tunanin ƙarfin tankin, gaskiya ne ya taɓa yoyo a watan Fabrairun 2010 har aka fitar da mutane daga wani sashen kasuwar, amma an toshe shi cikin gaggawa aka ci gaba da harka.

Game da hoto, a kashe fitilar kyamara tun daga ƙofa, domin haskenta yana damun dabbobin kuma gilashin yana dawo da shi ya ɓata hoton. A goge idon kyamarar wayar, a matsar da shi daf da gilashi a miƙe ba a karkace ba, a jira kifi ya shigo da kansa. Bidiyo na 'yan daƙiƙoƙi yakan fi hoto kyau a irin wannan hasken. Kada a bar yara su buga gilashi. Sauti yana tafiya a ruwa da saurin da ya ninka na iska fiye da sau huɗu, kifi kuma yana jin girgizar ruwa ta wani layi da ke gefen jikinsa, don haka abin da yaro ya ɗauka wasa ne, ga kifin firgici ne. A kuma kiyaye ɗaukar fuskokin mutane, musamman mata da yaran wasu, domin dokar ƙasar ta hana ɗaukar hoton mutum ko yaɗa shi ba da izininsa ba, kuma hukuncin ba na wasa ba ne. Masu ɗaukar hoto na wurin za su tare ku a ƙofa, ba dole ba ne a sayi hoton a wajen fita.

Daga nan sai a hau zuwa hawa na 2, a ware masa aƙalla awa ɗaya. An tsara shi bisa muhallin dabbobin, daga kogunan daji mai yawan ruwan sama, zuwa gaɓar teku mai duwatsu, zuwa cikin teku. Akwai kifin firana na Kudancin Amurka, da karnukan ruwa masu wasa da ba sa zama wuri ɗaya, da ƙaguwa mai dogayen ƙafafu, da tsuntsayen fengwin a ɗakinsu mai sanyi. Wanda kowa yake nema shi ne King Croc, kadan ruwan gishiri da aka kawo daga Ostireliya a 2014, mai tsawon fiye da mita 5 da nauyin kilo 750. Yawancin lokaci kwance yake ba motsi har wasu su rantse gunki ne, amma haka kada yake, ba ya ɓarnar ƙarfi, kuma wanda ya yi haƙuri zai ga ƙiftawar ido ko ɗagowar hanci don shaƙar iska. Allunan bayani gajeru ne, kuma idan babba ya karanta ya fassara wa yara da Hausa, suna riƙe abin fiye da yadda ake zato.

Shiga cikin tankin kansa, ko a keji ko da tukunyar iska tare da ƙwararren mai nutso, yana da sharuɗɗan shekaru da na lafiya, kuma sai an yi rajista tun da wuri. Mai asma ko ciwon zuciya ko ciwon kunne ya faɗi gaskiya a takardar da za a ba shi. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska kada ya hau jirgin sama a ranar, domin iskar naitirojin da ta taru a jini tana iya yin kumfa idan an yi sama, shi ya sa ake ba da shawarar a jira aƙalla awa 12 zuwa 24. Bai dace a ajiye wannan sashe sai ranar komawa gida ba.

Idan an shiga ƙarfe 10, za a fito wajen azahar. Akwai ɗakunan salla na maza da na mata a cikin kasuwar, da wurin alwala, kuma alluna suna nuna su. Ƙofar fita tana bi ta shagon tsaraba, inda kayan wasa suke da tsada, saboda haka a yi yarjejeniya da yara tun kafin a isa, ko abu ɗaya kowa ko babu. Wuraren cin abinci na gama-gari sun fi gidajen abincin da ke fuskantar tankin sauƙin kuɗi. Wanda yake da sauran ƙarfi zai iya hutawa har yamma ya fita bakin tafkin da ke gindin Burj Khalifa, inda ake wasan feshin ruwa kyauta duk bayan rabin awa daga ƙarfe 6, sai dai ya sani komawa Deira a jirgin ƙasa a wannan lokaci cikin matsi ne, tunda ya zo daidai da tashin ma'aikata. Mai ƙananan yara ya fi dacewa ya kama hanya kafin ƙarfe 4. Idan kuma kuɗin tikitin Dubai Mall ya yi wa babban iyali nauyi, a yi kallon kyauta a nan, sannan a ware wata safiya a je gidan kifaye na Sharjah da ke unguwar Al Khan, wanda shi ma aka buɗe a 2008. Ƙarami ne, kuɗin shigarsa kaɗan, ya fi mayar da hankali kan halittun tekun yankin, kuma daga Deira ba shi da nisa a tasi idan aka kauce wa cunkoson safe da na yamma a hanyar Sharjah.